TRIzol, Kit ko CTAB: Wace Hanya Ta Dace da Ciro RNA daga Tsiron da Ke Hannunka

Wanda ya saba ciro DNA daga ganye, sannan ya juya ga RNA, ɗan'uwansa mai ɗaukar saƙon gado a cikin ƙwaya, da zaton aikin ɗaya ne, ba ya daɗewa kafin jikinsa ya gaya masa. DNA mai haƙuri ne, ana iya barinsa a kan teburi ya kwana kuma a same shi lafiya da safe, amma RNA yana da wani ɓangare a jikin sukarinsa da ke sa shi saurin tsinkewa, ga kuma wani inzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, da ake kira RNase wanda ba shi da aiki sai yanyanka shi. Wannan inzayim yana kan fatar hannu da cikin gumi da ƙurar ɗaki, yana kuma cikin ƙwayar tsiron kanta, inda yake jiran bangon ƙwayar ya fashe ya far wa abin da ake nema. Wasu nau'o'insa ba sa mutuwa ko da an tafasa su, har bayan an fito da kaya daga tukunyar tururi mai matsi suna iya farfaɗowa su ci gaba da ɓarna. Saboda haka kowace hanya da za a ambata a nan, farkon aikinta shi ne kashe RNase a daidai lokacin da ƙwayar ta buɗe, kuma ta yadda kowacce ke yin hakan ne suka fara rabuwa.

Tsiro kuma yana ƙara wa mai bincike wasu matsaloli da nama ko jini ba su da su. Akwai bangon ƙwaya mai tauri wanda sai an niƙe shi ya zama gari. Akwai sinadaran da ake kira folifenol, waɗanda su ne ke sa doya ko gauta su canza launi jim kaɗan bayan an yanka su, domin da sun haɗu da iska sai su rikiɗe su manne wa furotin da RNA mannewar da ba ta sakuwa. Tanin ɗin da majema ke nema a cikin bagaruwa don jeme fata daga wannan dangi yake, kuma abin da yake yi wa fata shi yake yi wa inzayim ɗin da za ka yi aiki da shi daga baya. Sai kuma sitaci da yauƙi da danƙo, wato sukari masu dogon zare, waɗanda ke kwanciya tare da RNA idan an zuba barasar etanol, su mayar da ɗan dunƙulen da ke gindin bututu tamkar ƙaron da ya jiƙa, ya ƙi narkewa ya kuma ƙi shiga bakin fifet, abin zuƙar ruwa na ɗakin gwaji. Ganyen wake ɗan mako biyu ba shi da folifenol ko yauƙi mai yawa, alhali saiwar rogo da ganyen kuɓewa da ɓawon mangwaro kowanne yana da nasa a cike. Shi ya sa tambayar da ta kamata a fara yi ita ce wane sashe na wane tsiro za a niƙa, bayanta kuma me za a yi da RNA ɗin idan ya fito.

Tambaya ta biyu tana da nauyi fiye da yadda ɗalibai ke ɗauka. Mai son ya tabbatar ko akwai bairos a cikin ganye ta hanyar RT-PCR, wato gwajin da ake mayar da RNA zuwa DNA a yawaita kwafinsa har a iya ganinsa, yana iya wucewa da RNA mai ɗan datti, muddin inzayim ɗinsa ya yi aiki. Irin wannan gwaji ba baƙo ba ne a wajenmu, domin cutar rozet da ta cinye gyaɗar arewacin Najeriya a 1975 ƙwayoyin da ke haddasa ta na RNA ne, haka ma bairos ɗin da ke sa ganyen shinkafa ya yi ɗorawa-ɗorawa, da kuma mai sa saiwar rogo ta ruɓe da zane-zane masu ruwan ƙasa a Gabashin Afirka. Mai son auna yadda wata ƙwayar gado ke ƙara aiki ko rage shi lokacin fari, ta hanyar qPCR, yana buƙatar samfurori masu tsabta iri ɗaya, ba tare da ragowar DNA ba. Wanda kuma zai aika da samfurinsa a karanta jerin RNA ɗin baki ɗaya, shi ne aka fi tsananta wa, domin kamfanin da zai karɓa zai auna, kuma idan bai kai ba zai dawo masa da labari mara daɗi bayan ya riga ya biya kuɗin jigila.

Hanyar TRIzol, wani haɗaɗɗen ruwa da ake saya a kwalba, ita ce wadda aka fi sani, kuma asalinta aikin Piotr Chomczynski ne da Nicoletta Sacchi da suka wallafa a 1987. Kafin su, mai son RNA mai kyau sai ya kwana yana juya samfuri a babbar na'urar wulwulawa mai tsananin gudu, su kuma suka haɗa gishirin guwanidin da fenol mai tsami da kulorofom a mataki guda. Guwanidin yana warware furotin nan take, RNase ma a ciki, tsamin ruwan kuma yana tura DNA zuwa tsakiya da ƙasa, ya bar RNA a ruwan sama. A aikace, ana zuba mililita 1 na ruwan a kan garin ganye miligiram 50 zuwa 100, a ƙara kulorofom mililita 0.2, a girgiza, a wulwula a ƙarfin 12,000 g na minti 15 a sanyin digiri 4. Bututun zai fito da hawa uku, ja a ƙasa, farin ƙyalle a tsakiya, garai-garai a sama. Ana kwashe na saman a hankali, a zuba masa isofurofanol rabin mililita, a sake wulwulawa, a wanke ɗan dunƙulen da etanol mai ƙarfin kashi 75 cikin 100, a bar shi ya sha iska na ƴan mintuna, a narkar. Cikin awa ɗaya da ɗan wani abu an gama.

Idan samfurin ganye ne mai taushi, na masara ko dawa ko wake ko tumatir da bai tsufa ba, da wuya a sami hanyar da ta fi wannan yawan abin da take bayarwa a kan kuɗin da aka kashe. Tana da wata fa'ida kuma da sauran ba su da ita sai an yi musu gyara, wato tana riƙe ƙananan RNA, har da maikuro-RNA masu tsawon niyukiliyotaid, wato tubalan zaren RNA, 21 zuwa 24, don haka mai binciken waɗannan ya fara duba ta tukuna. Amma an ƙirƙiro ta ne da naman dabbobi a zuciya, kuma babu wani abu a cikinta da aka tanada domin sitaci ko folifenol. Na ga iyakarta da idona a wani ɗakin gwaji da na yi aiki, ranar da muka zuba ta a kan garin ɗanyar doya. Kafin mu ƙirga ashirin abin da ke cikin bututun ya yi kauri kamar talgen tuwo, muka kife bututun bai zubo ba, kuma bayan kulorofom da wulwulawa ruwan saman da muka samu bai kai rabin abin da aka saba gani ba. Dunƙulen da ya kwanta daga baya babba ne mai sheƙi, har wani ɗalibi ya yi murna yana cewa an samu da yawa, amma da aka ɗora shi a jel, wato faifan da ake rarrabe RNA bisa tsawonsa da lantarki, babu komai sai hazo. Guwanidin yana kumbura sitaci, kuma abin da ya kwanta ɗin sitaci ne kusan duka.

Akwai gyaran da masu ruwan da kansu suka ba da shawara a kai, wanda yake taimakawa idan yauƙin bai yi yawa ba. Maimakon isofurofanol rabin mililita, sai a zuba rubu'in mililita, a cika da rubu'in mililita na ruwan gishiri mai ƙarfi, wanda ya ƙunshi sodiyam sitiret mola 0.8 da gishirin sodiyam kulorayid mola 1.2, mola kuwa ma'aunin ƙarfin haɗi ne. Gishirin yana hana sukarin kwanciya, RNA kuma ya kwanta shi kaɗai. Haka nan wulwula samfurin sau ɗaya kafin a zuba kulorofom yana zubar da tarkace mai yawa. Waɗannan dabaru suna ceto ganyen da ya ɗan manyanta, sai dai ban taɓa ganin sun ceto saiwa mai sitaci ko ganyen auduga ba.

Kit kuwa, wato kwalin da ke zuwa da ruwayen haɗi da ƙananan bututun tacewa, tsarinsa daban ne. A cikin kowane bututu akwai ɗan faifan silika wanda RNA ke manne wa idan akwai gishirin guwanidin da etanol, sai a wanke datti ya wuce, a ƙarshe a zuba ruwa mai tsabta mikrolita 30 zuwa 50 ya saki RNA ɗin. RNeasy Plant Mini na kamfanin Qiagen shi ne wanda aka fi ambata a rubuce-rubucen bincike, akwai kuma Spectrum Plant Total RNA na Sigma wanda aka tsara musamman domin tsirrai masu wuyar sha'ani, da wasu da dama. Abin da kit ke sayarwa shi ne sauri da daidaito. Babu fenol, babu kulorofom, duk wulwulawar a zafin ɗaki ake yi ba a buƙatar na'ura mai sanyaya kanta, kuma sabon ɗalibi da ya bi takardar umarni sau biyu zai iya fitar da samfuri goma sha biyu masu kama da juna cikin ƙasa da awa ɗaya. Ga mai aikin qPCR wannan daidaito shi ne ribar, domin bambancin da yake son gani na tsiron ne, ba ya son hannun mai aiki ya shigo da nasa. Ana kuma iya zuba inzayim mai cinye DNA, wato DNase, a kan faifan kai tsaye, a bar shi minti 15, a wanke, ba tare da ƙarin matakin tsarkakewa ba.

Iyakokinsa su ma a bayyane suke. Ba a ɗora wa bututu fiye da miligiram 100 na gari, kuma wanda ya yi kwaɗayi ya ƙara, faifan zai toshe ya sami ƙasa da abin da zai samu da rabin hakan. Kit na yau da kullum yana riƙe RNA da ya haura niyukiliyotaid 200 ne kawai, ƙananan suna bin ruwan wanki su tafi. Sannan tun da ruwan fasa ƙwayar na guwanidin ne, matsalar sitaci tana nan, shi ya sa ma Qiagen ta sa ruwa iri biyu a kwalin, RLT da RLC, ta ce a koma ga na biyun idan na farkon ya daskarar da samfuri, kamar yadda yake yi wa ƙwayar masara mai ruwan madara. Idan folifenol ya yi yawa kuma, za ka ga faifan ya yi ruwan ƙasa, abin da ya fito ya zama kaɗan ƙwarai. Babban abin da ke hana mu sakewa da kit dai shi ne kuɗi da hanya. Da kuɗin waje ake sayensa, kwalin da aka saba gani na samfuri 50 ne, yana iya ɗaukar makonni kafin ya iso, kuma ɗalibin da ya lalata bututu goma wajen koyo ya ci kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke gare shi. Wanda ya tsara aikinsa a kan kit ya ƙirga bututunsa tun farko, ya ware na gwaji, domin ranar da suka ƙare aikin ya tsaya ke nan.

Hanya ta uku, wadda zan fi daɗewa a kanta domin ita ce nake ganin ta fi dacewa da yawancin amfanin gonarmu, ita ce ta CTAB da gishirin litiyam kulorayid. CTAB wani nau'in sabulu ne da aka daɗe ana ciro DNA na tsiro da shi, kuma a 1993 Chang da Puryear da Cairney suka daidaita shi domin RNA na itacen fayin, wanda ƙaro da folifenol suka yi masa katutu har ya gagari sauran hanyoyi. Ruwan haɗinsu ya ƙunshi CTAB kashi 2 cikin 100, PVP kashi 2 cikin 100, Tris milimola 100 a ma'aunin tsami (pH) 8, EDTA milimola 25, gishirin sodiyam kulorayid mola 2, da ɗan sifamidin, sannan a zuba beta-makaptoetanol kashi 2 cikin 100 daf da fara aiki. Kowanne da aikinsa, kuma sanin aikin ne ke ba mutum damar gyara ruwan ya dace da tsironsa. PVP yana kama folifenol kafin su kama RNA, makaptoetanol yana hana su rikiɗewa yana kuma karya RNase, gishiri mai yawa yana sa RNA ya zauna a narke yayin da sabulun ke janye furotin da sukari zuwa ɓangaren kulorofom. Idan samfurin yana yin ja da sauri, sai a ƙara PVP, har akan zuba garinsa a cikin turmi tun lokacin niƙa.

Ana ɗumama ruwan zuwa digiri 65 kafin a zuba gari a ciki, a gauraya sosai, a bar shi kamar minti goma, sannan a wanke shi sau biyu da kulorofom da aka haɗa da barasar aisoamil, kashi 24 da kashi 1. Ruwan saman da aka kwashe ne ake zuba wa litiyam kulorayid, rubu'in yawansa idan mai ƙarfin mola 10 ne, yadda ƙarfin ƙarshe zai zama mola 2, a ajiye a digiri 4 ya kwana. Hikimar hanyar a nan take, domin litiyam yana kwantar da dogon RNA ya bar mafi yawan DNA da sukari a cikin ruwa, abin da etanol ko isofurofanol ba sa iya bambancewa. Da safe a wulwula a cikin sanyi, a narkar da dunƙulen, a sake wanke shi da kulorofom idan ana son ƙarin tsabta, a kwantar da shi da etanol. Garin doyar nan da ya zama talge, da muka maimaita shi da wannan hanya, dunƙulensa ƙarami ne har sai an ɗaga bututun wajen haske ake ganinsa, amma ya narke nan da nan, kuma a jel ya ba da layuka biyu masu kaifi.

Laifinta na farko lokaci ne, domin aikin kwana biyu ne, ko da yake masu binciken inabi a Italiya sun taƙaita ta a 2008 zuwa kimanin awa uku ta hanyar ƙara ƙarfin litiyam da rage jiran. Na biyu, tana zubar da ƙananan RNA kamar yadda kit ke yi, saboda haka mai neman maikuro-RNA sai ya maye litiyam da isofurofanol ya haƙura da ƙarin datti. Na uku, ragowar litiyam yana rage wa inzayim ɗin da ke mayar da RNA zuwa DNA ƙarfi, don haka wankin etanol na ƙarshe ba abin tsallakewa ba ne. Na huɗu, kuma wannan ne ya fi kayar da mutane, duk ruwayen kai ne za ka haɗa, kuma tsabtarsu a wuyanka take. Ana gyara ruwa da DEPC, sinadarin da ke kashe RNase, kashi 0.1 cikin 100, a bar shi ya kwana, a dafa shi a tukunyar matsi, amma ba a zuba DEPC a ruwan da ke da Tris domin suna cin juna, sai dai a narkar da Tris ɗin a ruwan da aka riga aka gyara. Turmi da taɓarya da kwalabe ana gasa su a tanda a digiri 180 na awoyi. Wani ƙaramin abu kuma da ke rikita sabon shiga shi ne, da sanyin hunturu ko a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, CTAB yakan fito fari-fari a gindin kwalba. Ruwan bai lalace ba, ɗumama shi kawai za a yi ya koma daidai, kuma saboda wannan ɗabi'a ne ba a sa shi a firiji ba a kuma yin wulwulawar farko a cikin sanyi.

Ta fuskar kuɗi babu gasa tsakaninsu. Kwalbar garin CTAB guda da ta PVP da ta litiyam kulorayid suna iya ɗaukar ɗakin gwaji tsawon shekaru, ba sa lalacewa da zafi, kuma yawancin kayan suna nan a kan kanta tun da da su ake ciro DNA. Samfurin da ya lalace ba ya cin komai sai lokaci da ɗan kulorofom, abin da ke ba ɗalibi damar maimaitawa har hannunsa ya faɗa.

Auduga tana da nata hukunci, saboda gosifol da sauran folifenol da ke cikinta. Wan da Wilkins sun fitar mata da hanyar boret mai zafi a 1994, inda ake zuba gari a ruwan boraks mai ma'aunin tsami 9 da aka ɗumama zuwa digiri 80, tare da inzayim mai cinye furotin, sannan a kwantar da RNA ɗin da litiyam. Tana da tsawo da wahala, kuma ba na ba da shawarar a fara da ita sai CTAB mai ƙarin PVP ya gaza.

Akwai kuma haɗin gambiza da ɗakunan gwaji da yawa suka koma gare shi, wanda a ganina shi ne mafi kyau ga samfuri mai wuya da za a aika karatun jeri. Ana fasa ƙwayar da ruwan CTAB mai zafi, a wanke da kulorofom, sannan maimakon jiran litiyam ya kwana, sai a gauraya ruwan saman da ruwan kit da etanol a ɗora a kan bututun silika. CTAB ya kawar da sitaci da folifenol, silika ta kawar da gishiri da ragowar sabulu, an kuma sami damar cinye DNA a kan faifan, duk a yini ɗaya. Bututun ba ya toshewa domin abin da ya iso gare shi ya riga ya tsarkaka.

Kowace hanya aka bi, ba a yanke mata hukunci sai an auna, kuma a nan ma akwai tarko. Na'urar auna haske irin NanoDrop tana ba da lamba uku. Shan haske na 1 a zangon nanomita 260 yana nufin mikrogiram 40 na RNA a kowace mililita, rabon 260 da 280 ya kamata ya kusanci 2, rabon 260 da 230 kuma ya kasance tsakanin 2 da 2.2. Idan na ƙarshen ya faɗi ƙasa sosai, a samfurin TRIzol ko kit yawanci guwanidin ne ya rage, a na CTAB kuma sukari ne. Fenol yana shan haske a kusa da 270, don haka samfurin TRIzol da aka kwaso da ɗan jan ruwa yakan nuna yawan da ba shi da shi. Abin da na'urar ba ta iya faɗa shi ne ko RNA ɗin a tsinke yake, domin tsinkakke da lafiyayye lamba ɗaya suke bayarwa. Jel ne ke nuna wannan, inda ake neman layin 25S da na 18S, wato manyan RNA biyu da suka fi yawa a ƙwaya, na saman ya fi na ƙasan haske. Ganye kore yana ƙara wasu layuka a ƙasa, na 23S da 16S da gutsattsarinsu daga kuloroflas, ɓangaren ƙwaya mai ba ganye korensa, kuma sau da yawa na ga an zubar da samfuri mai kyau saboda an ɗauka lalacewa ce. Wannan dalili ne ma ke sa lambar RIN mai nuna lafiyar RNA, wadda na'urar Bioanalyzer ke bayarwa, daga 1 zuwa 10, takan fito ƙasa ga ganye fiye da saiwa ko da ingancinsu ɗaya, abin da ya kamata a sanar da mai karɓar samfuri tun da wuri. Ragowar DNA kuwa ba a tabbatar da babu shi sai an yi PCR a kan samfurin da ba a mayar da shi DNA ba, an ga bai ba da komai ba, kuma babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke wadatar da mai qPCR daga matakin DNase.

Duk wannan kwatanci yana tsaye ne a kan sharaɗin cewa samfurin ya iso ruwan haɗi da ransa, kuma a yanayinmu nan ne aka fi yin asara. Ka'ida ita ce a tsinke ganye a jefa shi a ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a niƙa shi a turmin da aka sanyaya har ya yi laushi kamar hoda, a kwashe da cokali mai sanyi a zuba a ruwan haɗi kafin ya narke. Idan garin ya fara yin duhu yana manne wa taɓarya, an makara. Inda naitirojin ke wuyar samu, CTAB ya fi sauran sassauci, domin ana iya niƙa ɗanyen ganye kai tsaye a cikin ruwansa mai ɗumi, kuma sakamakon yakan isa gwajin bairos ko da bai isa karatun jeri ba. Mai ɗauko samfuri daga gona mai nisa yana iya amfani da ruwan adana samfuri da ake kira RNAlater, ya yanka ganyen ƙanana ya nutsar a ruwan da ya ninka shi sau biyar, wanda ke riƙe RNA kwana ɗaya a digiri 37, mako ɗaya a 25, wata ɗaya a 4, sai dai a lura cewa motar da ta yini a rana a watan Afrilu ta wuce duk waɗannan lambobi, kuma ganye mai santsin kakin zuma yakan yi iyo a sama maimakon ya jiƙa. Wutar lantarki ita ma tana da ƙuri'a a zaɓen. Kit yana buƙatar wuta ta rabin awa, TRIzol yana son na'ura mai sanyi, litiyam yana son firijin da zai kwana da sanyi, ko da yake kwalin ƙanƙara mai murfi yana iya tsayawa a madadinsa. Idan firizar ɗakin ba abin dogaro ba ce, gara a ajiye RNA a kwance cikin etanol, ko a mayar da shi cDNA, wato kwafinsa na DNA, a ranar.

Batun lafiya yana iya yanke hukunci shi kaɗai. Fenol yana ƙona fata yana kuma kashe jin zafi a wurin, har mutum bai san ya ƙone ba sai ya ga fatar ta yi fari, kulorofom da makaptoetanol kuma ba a buɗe su sai a akwatin zuƙe tururi. Ɗakin da ba shi da wannan akwati mai aiki bai kamata ya taɓa TRIzol ko CTAB ba. Sharar guwanidin tayosayanet, ta TRIzol ce ko ta kit, ba a haɗa ta da bilic, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Bututun da aka rufe da ragowar ruwan naitirojin a ciki kuma fashewa yake yi a hannu.

Idan aka ce in zaɓa wa mutum, ga yadda zan raba. Mai ganye mai taushi da samfuri da yawa da kuɗi kaɗan, ko mai neman ƙananan RNA, ya ɗauki TRIzol ya bi shi da DNase. Mai qPCR a kan ganyen hatsi ko wake, wanda samfurinsa bai wuce abin da kwali ɗaya ko biyu za su ɗauka ba kuma tallafinsa zai iya, ya sayi kit. Mai rogo da doya da dankali da ayaba da kuɓewa da rama da itatuwa irin su mangwaro da kashu da kaɗanya, ko ƙwayar hatsi mai sitaci, ya fara da CTAB da litiyam kada ya ɓata mako yana gwada sa'a, idan kuma karatun jeri zai aika ya ƙarasa a kan silika. Ɗakin gwajin da zai iya koyar da hanya ɗaya tak ga ɗalibansa, ni CTAB zan ce, domin wanda ya iya ta zai koyi kit a yini guda. Kafin a taɓa samfurin bincike na ainihi kuma, a niƙa ganye ɗaya na gwaji daga irin tsiron da shekarunsa, a raba garin gida uku miligiram 100 kowanne, a fara hanyoyin da ake tunani a rana ɗaya, a ɗora su a jel ɗaya kusa da juna, sannan a yi RT-PCR da ƙwayar gado mai aiki a ko'ina a jikin tsiro irin su aktin a kan kowanne, a ga wanda ya ba da layi.